Fim ɗin matattu na 1968: gwaninta ce ta ɗaukaka shi ko kuskuren haƙƙin mallaka?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu zauna a kan Night of the Living Dead, fim ɗin George Romero na 1968, wato daren da matattu suka tashi. Duk fim ko wasan kwamfuta da kuke gani yau inda gawarwaki ke jan ƙafa suna cin naman mutane, daga nan ya samo tsatso.

Ga asalinsa a taƙaice. Romero da abokansa suna da ɗan kamfani a birnin Pittsburgh na Amurka mai suna The Latent Image, aikinsu tallace-tallacen talabijin. Mutum goma suka haɗa dala 600 kowanne, dala 6,000 ke nan, suka kira kansu Image Ten. Kuɗin bai kai ko'ina ba, suka yi ta neman masu zuba jari har abin da aka kashe ya kai wajen dala 114,000. Sun ɗauki fim ɗin daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1968 a kusa da garin Evans City, a maƙabartar garin da kuma wani tsohon gidan gona da ake shirin rushewa. Romero yana da shekara 27 lokacin. Labarin kuwa mutum bakwai ne suka maƙale a gida ɗaya dare guda, matattu sun kewaye su, su kuma a ciki sun kasa jituwa.

An fara nuna shi ranar 1 ga Oktoba 1968. Tambayata ita ce: me ya ba ɗan fim mara launi, mara fitaccen jarumi ko ɗaya, wannan tasiri? Ni dai ina ganin iya aiki ne. Na san akwai masu cewa wani abu ne daban.

Lauyan Zaure:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ina cikin masu cewa wani abu ne daban, ko aƙalla rabinsa. Sunan da suka ba fim ɗin da farko Night of the Flesh Eaters ne. Kamfanin da ya karɓi rarrabawa, Walter Reade, ya sauya sunan saboda akwai wani fim na 1964 mai suna kusan iri ɗaya. Da aka cire katin tsohon suna aka sa sabo, sai aka manta da sanarwar haƙƙin mallaka, domin a jikin tsohon katin take. A dokar Amurka ta wancan lokaci, wadda aka yi tun 1909, duk aikin da aka fitar wa jama'a babu wannan sanarwa ya zama na kowa da kowa. Daga ranar da aka fara haska shi, duk mai kwafi yana iya bugawa ya sayar, ba wanda zai tuhume shi.

Ana ƙiyasta fim ɗin ya kawo kusan dala miliyan 30 a gida da waje. Waɗanda suka sha wahalar yin sa ba su ga wani abin kirki ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

'Yar Zazzau:
Barista, don Allah a ƙara bayani. Layi ɗaya na rubutu shi zai raba mutum da aikinsa? Ba su da takardun da ke nuna su suka yi?

Lauyan Zaure:
Ƙanwata, ba a musun su suka yi. Dokar ce ta ɗora sharaɗi. Sanarwar tana da sassa uku: alamar haƙƙin mallaka ko kalmarta, shekarar fitowa, da sunan mai haƙƙi. Dole ta kasance a jikin kwafin da jama'a ke gani. In babu ita, takardun da ke aljihunka ba su cece ka ba. Sai dokar 1976, wadda ta fara aiki a 1978, ta ba da damar gyara irin wannan mantuwa, sannan a 1989 da Amurka ta shiga yarjejeniyar Berne, ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, aka daina wajabta sanarwar gaba ɗaya. Amma gyaran bai koma baya ya ceci fim ɗin 1968 ba.

Sannan kada a haɗa matsaloli biyu. Rashin sanarwa shi ya buɗe wa masu bugawa ƙofa. Rashin samun kuɗin sinima kuwa rikici ne tsakaninsu da mai rarrabawa kan lissafi, har suka je kotu, kamfanin ya durƙushe daga baya, kuɗin ya bi ruwa.

Ku kwatanta da Nosferatu na Jamus na 1922. Shi akasin haka ya same shi: an ɗauko labarin Dracula ba izini, matar marubucin ta kai ƙara, a 1925 kotu ta ce a lalata kwafe-kwafen. Wasu 'yan kaɗan da suka riga suka fita waje ne suka tsira.

Malamin Adabi:
Barista, na yarda da tarihin, ban yarda da hukuncin da ka ɗora a kai ba. Kai ka fi ni sanin cewa doka ba ta kare tunani, siffar da aka zuba shi a ciki take karewa. Ko da sanarwar tana nan daram, ba wanda zai hana wani yin fim a kan gawa mai tafiya. Romero kansa bai ɓoye ba cewa daga littafin Richard Matheson na 1954, I Am Legend, ya ɗauko ƙashin bayan labarin: mutum a kulle cikin gida, duniya ta juye, waɗanda suka mutu suna bugun ƙofa da dare. Abin da ya ƙara shi ne ya koma daren farko, lokacin da ba wanda ya san me ke faruwa.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: kalmar zombi ba ta fito a fim ɗin ko sau ɗaya. Kafin 1968 zombi abu ne na ƙasar Haiti, gawa ko mutumin da boka ya ƙwace wa hankali ya sa shi bauta a gonar rake. Ba ya cin mutane, ba ya yaɗa ciwo, umarnin ubangidansa kawai yake bi. Labarin ya shiga Amurka ne a shekarun da sojojinta suka mamaye Haiti, 1915 zuwa 1934, har aka yi fim ɗin White Zombie a 1932. Masana harshe suna danganta kalmar da harsunan yankin Kwango, ta hanyar bayin da aka kwasa. Tsoron da ke cikin wancan zombi tsoron bauta ne, a ce ko mutuwa ba ta 'yanta ka ba. Romero ya cire bokan, ya cire ubangidan, ya bar yunwa kawai.

Ɗan Damagaram:
Malam ya taɓo inda nake jira. Sunan da ake kiran su da shi a cikin fim ɗin, a bakin masu karanta labarai, daga Larabci yake: gul, wato algulu. Larabawan jahiliyya suna cewa wani nau'in aljani ne da ke sauya kama a sahara yana ɓatar da matafiya. Har a hadisin Jabir da ke Sahihu Muslim an ambaci kalmar, inda aka kore wannan camfi tare da camfin tsuntsaye. Ta shiga harsunan Turai ne ta fassarar Dare Dubu da Ɗaya zuwa Faransanci a farkon ƙarni na 18, kuma a can ne siffar mai tonon kabari yana cin gawa ta kafu.

Kuma a gyara wani abu da ake yawan faɗa. Dokokin zombi da aka sani yau ba duka ne ke cikin fim ɗin ba. A nan duk wanda ya mutu kuma ba a binne shi ba, to zai tashi, an cije shi ko ba a cije shi ba. Na farkon da aka gani a maƙabarta yana da sauri, har ya ɗauki dutse ya fasa gilashin mota. Yarinyar da ta mutu a cikin gidan ta tashi, da cokalin magina ta kashe uwarta, ba da haƙori ba. Suna tsoron wuta. Cin ƙwaƙwalwa kuwa babu shi sam, a 1985 ya shigo cikin Return of the Living Dead. Abin da ya tsaya tun daga farko shi ne harbi a kai da ƙona gawa. Dalilin tashinsu ma ba a tabbatar ba, wani masani ne a talabijin ya yi hasashen tururin wani kumbo da ya dawo daga duniyar Zahra, wasu suka musa.

Lauyan Zaure:
Malamin Adabi, tunani ba a kare shi, gaskiya ne, amma ka san yadda manyan kamfanoni ke tsoratar da ƙanana da wasiƙar lauya. A 1957 da kamfanin Hammer na Ingila zai yi nasa Frankenstein, dole ya ƙirƙiro sabuwar fuska ga dodon, domin Universal ta riƙe siffar nan mai shafaffen kai da ƙusoshi a wuya. Da matattun Romero suna hannun babban kamfani, da kowa sai ya yi taka-tsantsan.

Ga kuma babban abu: gani. Tashoshin talabijin na Amurka sun yi ta sa shi da tsakar dare domin ba sa biyan ko sisi. Da kaset ya shigo, kowane ƙaramin kamfani ya buga nasa. Wasu finafinan in suna son nuna mutum yana kallon abin tsoro a talabijin, shi suke sawa, saboda kyauta ne. Yaron da ya girma a shekarun 1970 da 1980 ba yadda za a yi ya kauce masa. Cikin yaran nan ne daraktocin baya suka fito.

Hajiya Mai Kwalliya:
Barista, finafinai nawa ne suka faɗa hannun kowa da kowa aka manta da su? Ɗaruruwa. Kyauta ba ta sa a so abu. Bari in kawo ɓangaren da na sani, ku ga yadda rashin kuɗi ya zama dabara.

Jinin da kuke gani cakulan ne na ruwa, samfurin Bosco, irin wanda ake zuba wa yara a madara. Ba rowa ce kawai ta sa ba. A fim mara launi ja yakan fita toka-toka, jinin wasan kwaikwayo mai ruwa-ruwa kuma haske na ratsa shi, sai ya zama kamar ruwan datti. Cakulan baƙi ne, yana da kauri, haske ba ya ratsa shi, yana gangarowa a hankali yana ƙyalli. Haka aka yi a Psycho a 1960. Naman da matattun ke ci kuwa gasasshen naman alade ne da kayan ciki, wani daga cikin masu jarin yana da mahauta shi ya bayar.

Fuskokin matattun kuwa, Karl Hardman da Marilyn Eastman ne suka kula da su, su ne kuma suka fito a matsayin miji da matar da ke ɗakin ƙasa. Da farko farar hoda ce kawai da baƙi a kewayen ido. Da aiki ya yi nisa suka koma amfani da kakin da masu gyaran gawa ke cike rauni da shi. Kaya kuwa gwanjo ne: wani da kwat, wata da rigar barci, wani da rigar asibiti. Wannan ne ya fi komai ban tsoro. Ba dodo ba ne daga wata duniya, maƙwabcinka ne.

'Yar Zazzau:
Hajiya, to mai ɗauka da launi fa, kamar masu gajerun finafinai a waya? Na ga wasu suna amfani da zobo, wasu tumatirin gwangwani.

Hajiya Mai Kwalliya:
Duka biyun ba sa yi, 'yata. Zobo ruwa ne tsararo, yana karkata zuwa shunayya, kuma da ya haɗu da sabulu ko kanwa launinsa ke juyewa. Tumatir kuma ruwan lemo yake fita a kyamara, ga gudaji.

Ga yadda ake yi. Sukari kofi 2, ruwa kofi 1, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan minti 8 zuwa 10, a zuba rabin ƙaramin cokali na ruwan lemon tsami don kada sukarin ya koma tsakuwa in ya huce. A bari ya huce sarai kafin a sa kala, domin da zafi ba za ki gane kaurinsa na gaskiya ba. Sai jar kalar abinci babban cokali 1, garin koko babban cokali 1 da aka dama da ɗan ruwa, da ɗigo 2 ko 3 na shuɗiyar kala. Kokon shi ke hana haske ratsawa, shuɗin shi ke kashe hasken jan. In shuɗi ya yi yawa ya zama shunayya, ba ya gyaruwa, sai sabo. A gwada a kan fatar wanda za a shafa wa, ƙarƙashin fitilar da za a yi aiki da ita, a duba ta cikin kyamara ba da ido ba.

Abin da ke ɓata aiki: ƙuda da tururuwa, don haka sai an shirya komai ake zubawa. Yana kama fata, a fara shafa ɗan mai. A kan yadi yakan tsaya ƙwallo-ƙwallo, ɗigon sabulun ruwa na sa ya jiƙa, amma wanda aka sa wa sabulu ba ya zuwa kusa da baki ko ido.

Na rauni: basilin kashi 1, fulawa kashi 2 zuwa 3, da hodar da ta dace da fata. A murza, a manna a inda fata ba ta motsi sosai kamar goshi ko bayan hannu, a shafe gefe da yatsa mai ɗan mai, a tsaga da bayan cokali, a sa baƙi a cikin tsagar kafin jini. A zafinmu na bazara ba ya wuce 'yan mintuna sai ya fara zamewa, to a ɗauki hoton kusa da farko. Kuma don Allah a daina bulbula wa baƙar fata farar hoda ana kwaikwayon fim ɗin Turawa, dariya yake ba mutane. A kashe ƙyallin fata, a sa toka-toka kaɗan a kumatu da leɓe, a duhunta ramin ido.

Mai Kyamara:
Hajiya ta gama magana a nan. Bari in ƙara lissafin da ke bayan kyamara. Fim mai faɗin milimita 35 yana cin ƙafa 90 a minti ɗaya. Fim ɗin minti 96 ne, ƙafa 8,640 ke nan wanda ya shiga, ban da wanda aka zubar. Gwangwani mai ƙafa 400 bai kai minti huɗu da rabi ba. Kowace ƙafa kuɗi ce, a saye, a wanke, a buga. Shi ya sa suka zaɓi mara launi a lokacin da manyan kamfanoni suka koma launi, kuma shi ya sa ba a maimaita ɗauka barkatai.

Mara launin ya yi musu rana ta wata hanya. A 1968 labaran talabijin da hotunan jarida na yaƙin Biyetnam da tarzomar birane, yawancin mutane a baƙi da fari suke ganinsu. Kyamara a hannu tana ɗan rawa, ga hoto mai tsakuwa-tsakuwa, sai ya yi kama da rahoto.

Hasken kuma ku lura: fitila mai ƙarfi daga gefe ɗaya ko daga ƙasa, ɗaya gefen a bar shi baƙi ƙirin. Kuskuren masu farawa shi ne su haske ɗaki duka don kada hoto ya yi duhu. In ido ya ga kowane lungu, tsoro ya tafi. Kuskure na biyu shi ne akasinsa, a kashe fitila gaba ɗaya a ce dare ne, sai hoto ya cika da ƙura. Ana haskawa sosai ne a wuri ɗaya, sannan a rufe idon kyamara har sauran ya nutse.

Dabaru biyu na lokeshin. Gidan ba shi da ɗakin ƙasa da ya dace, sai suka yanka ƙofa a bango wadda ba ta zuwa ko'ina, cikin ɗakin kuma suka ɗauke shi a ƙasan ofishinsu a Pittsburgh. A wajen tacewa aka haɗa su. Motar farkon fim kuwa ta mahaifiyar furodusa Russell Streiner ce. Ta samu lotsawa a tsakiyar aiki, sai aka rubuta cewa Barbara, budurwar da aka buɗe fim ɗin da ita, ta goga ta da bishiya.

Mai Tace Sauti:
A ƙara da kunne. Ba su da kuɗin mawaƙi, sai suka sayi kiɗan ajiya daga kamfanin faifai na Capitol, irin wanda kowa ke iya biya ya ɗauka. Wasu daga cikin kiɗan sun riga sun fito a ƙananan finafinan shekarun 1950. Amma ba kiɗan ne ya riƙe fim ɗin ba. Rediyo da talabijin ne. Duk faɗin bala'in, jihohi nawa ya ci, me hukuma ke cewa, ta bakin mai karanta labarai ake jin sa, kuma labarin yana sauyawa: da farko a ce kowa ya kulle kansa, can a ce a fito a tafi cibiyar ceto. Har ɗan jaridar talabijin na gaske na Pittsburgh, Bill Cardille, suka sa. Da murya ɗaya a akwati sun nuna rushewar ƙasa ba tare da sun ɗauki titi ko ɗaya ba.

Sai ƙarar guduma. Minti da yawa ba abin da ake yi sai buga katako a taga, da kukan gyare a waje. Mai tacewa na yau zai ce a yanke. In an yanke, lokacin da hannaye suka ɓarko ta tsakanin katakon ba zai yi nauyi ba, domin ba ka sha wahalar kafa shi tare da su ba.

Malamin Adabi:
Har yanzu ba mu zo kan abin da ya fi girma ba. Jarumin fim ɗin, Ben, baƙar fata ne, Duane Jones, malami mai ilimi wanda har a Faransa ya yi karatu. An rubuta Ben ne a matsayin direban babbar mota mai kaushin baki, ba a ambaci launinsa ba. Romero ya sha faɗa cewa Jones ya fi kowa iyawa a gwaji, shi ke nan. Jones ya gyara maganganun suka zama na mutum mai natsuwa. Ba a sauya labarin don launinsa ba, ba kuma wanda ya ambaci launin a ciki.

Amma ku duba lokacin. A Yulin 1967 da suka fara ɗauka, biranen Newark da Detroit suna ci da wuta. A fim ɗin baƙin mutum yana ba farare umarni, ya bugi farar mace da ta ruɗe, ya harbi farin namiji. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri, zan faɗi ƙarshe. Kowa ya mutu sai Ben. Gari ya waye, ya ji harbi da haushin karnuka, ya leƙo ta taga, 'yan sintiri farare suka hango motsi suka harbe shi a goshi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Daga nan sai hotuna marasa motsi kamar na jarida, ana jan gawarsa da ƙugiyar mahauta zuwa wuta. Romero ya ce suna cikin mota da kwafin fim ɗin za su New York neman mai saye suka ji a rediyo an kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, 4 ga Afrilun 1968. Wasu kamfanonin sun nemi a sauya ƙarshen ya zama mai daɗi, suka ƙi. Wannan ƙin shi ne fim ɗin. Barista, wace mantuwar kati ce ta haifar da wannan?

Ɗan Damagaram:
Akwai abin da ya fi harbin ciwo a wurina. Tun farko gardamar gidan ita ce a zauna a sama ko a sauka ɗakin ƙasa. Cooper, mijin nan na ɗakin ƙasa, matsoraci mai son kansa, ya ce ƙasa, ƙofa ɗaya ce za a tsare. Ben ya ce ƙasa tarko ne, babu mafita. Mai kallo yana bayan Ben ɗari bisa ɗari. Shirin Ben na zuwa ɗibar mai ya ci ran saurayi da budurwa, katakon ya karye, a ƙarshe ina Ben ya tsira har safe? A ɗakin ƙasan. Mutumin banza ne ke da gaskiya, mutumin kirki ya yi kuskure, kuma da sun saurari juna da wataƙila wasu sun rayu. Finafinan tsoro na kafin nan ba sa yi wa mai kallo haka.

Hajiya Mai Kwalliya:
Ina da ƙorafi ɗaya, kuma ba ƙarami ba ne. Barbara, wadda da ita aka buɗe fim, tana shiga gidan aka zaunar da ita a kujera ta zama kamar gunki kusan har ƙarshe. Sauran matan biyu ma ba a ba su ta cewa ba. Da aka sake yin fim ɗin a 1990, Romero ya rubuta, Tom Savini ya ba da umarni, sai aka mai da ita mai riƙe bindiga, ita ce ma ta tsira. Sun ga gibin da kansu.

Sannan maganar yara. Tsarin rarraba finafinai bisa shekaru a Amurka ya fara aiki 1 ga Nuwamban 1968, wata guda bayan fitowarsa. Don haka aka riƙa nuna shi da rana, lokacin da yara ke cika sinima suna zaton irin dodannin da suka saba ne. Mai sharhi Roger Ebert ya kalle shi a Chicago cikin irin wannan taro, ya rubuta yadda ihun wasa ya koma shiru, da wata yarinya 'yar kimanin shekara tara da ke zaune tana hawaye. Iyaye su kiyaye, tsufansa da rashin launinsa ba su mai da shi na yara ba.

'Yar Zazzau:
To yaushe sunan zombi ya manne musu, tunda ba haka aka kira su ba?

Malamin Adabi:
'Yan jarida da masu kallo ne suka fara, sai Romero ya karɓa a Dawn of the Dead na 1978, wanda a Italiya ma Zombi aka sa masa suna. Daga nan zuriyar ta bazu: bidiyon Thriller na Michael Jackson a 1983, wasan Resident Evil na kamfanin Capcom na Japan a 1996, 28 Days Later na Ingila a 2002 inda suka koma gudu, The Walking Dead a littafin zane a 2003 da talabijin a 2010, Train to Busan na Koriya ta Kudu a 2016. Darakta Jordan Peele ma ya ambaci Ben cikin abin da ya tsaya masa a rai lokacin yin Get Out na 2017. A 1999 Ɗakin Karatu na Majalisar Amurka ya sa fim ɗin cikin waɗanda ake adanawa don tarihi. Jones ya rasu a 1988, Romero a 2017.

Lauyan Zaure:
Na sauko rabin hanya, Malam. Ƙarshen nan ba kati ne ya rubuta shi ba. Amma ina nan a kan cewa da an kulle shi a ma'ajiyar kamfani, da bai kai inda ya kai ba.

Ga masu shirya fim a nan, kada wani ya ji tsoron irin wannan mantuwa. Najeriya da Nijar duk suna cikin yarjejeniyar Berne, haƙƙi yana tabbata da zarar an naɗi aikin, ba sai da sanarwa ba. A dokar Najeriya ta 2022 fim yana da kariyar shekara 50 daga fitowarsa. Inda ake faɗawa rami shi ne ɗaya matsalar ta su Romero, wato mai rarrabawa. Sayar da haƙƙi ko ba da izini na keɓe sai a rubuce yake inganta. A rubuta shekara nawa, wace ƙasa, wace hanya, sinima ko talabijin ko YouTube ko manhaja, kowanne daban. A rubuta kashi nawa, kuma daga wane kuɗi, kafin cire ɗawainiya ko bayanta, domin a nan ake cinye mutane. A sa ranar kawo lissafi da ikon duba littafi. A sa cewa ba a taɓa suna ko katin farko sai da sa hannun furodusa. Uwar kwafi kuma ta zauna a hannun mai fim, kwafi biyu a wuri biyu.

'Yar Zazzau:
Na gode ƙwarai. Na duba na ga kwafi barkatai, wani ma da launi. Wanne ne na gaskiya?

Mai Kyamara:
Ki guji mai launi, fenti ne aka yi masa da kwamfuta tun daga 1986, ya kashe duhun da muka yi ta magana a kai, cakulan ɗin ma sai da aka rina shi. Ki guji na cikar shekara 30 da aka fitar a 1999, an yanke wasu wurare an cusa sababbin fitowa na kusan minti 15 da sabon kiɗa, babu hannun Romero a ciki. Yawancin na kyauta kuma kwafin kwafi ne, baƙin ya cushe har ba a ganin fuskar Jones a wuraren dare, wasu an datse sama da ƙasa don su cika faffaɗan allo.

Ki nemi wanda gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya gyara daga ainihin fim ɗin kyamara a 2016, wanda kamfanin Criterion ya fitar a 2018. Alamarsa: minti 96, baƙi da fari, hoton kusan murabba'i da baƙin shafi a dama da hagu. Ki rage hasken allo kaɗan, ki sa abin kunne saboda muryar rediyon nan da ke bayan maganarsu.